Yadda Dattijon Ikilisiya Zai Sasanta Rikicin Gona Tsakanin Maƙwabta

A ƙasar Zuru, Danko-Wasagu da Sakaba da ke jihar Kebbi, rigimar maƙwabta ta fi tashi a lokuta biyu: farkon damina da ake huɗa, wani ya ci iyakar wani, sai kuma kaka, sa'ad da dabbobi ke faɗa wa amfanin da ba a kwashe ba. A Matiyu 5:9 Yesu ya ce masu ƙulla zumunci za a kira su 'ya'yan Allah. Kira ne ga kowane mai bi, amma a aikace fasto ko dattijon ikilisiya ake bugawa ƙofa da sassafe, don haka ya kamata ya san ta inda zai fara.

Ka fara da tsarin Matiyu 18:15-17. Wanda aka yi wa laifi ya je shi kaɗai tukuna. In ba a ji shi ba, ya koma da mutum ɗaya ko biyu, sannan a kai ga ikilisiya. Duk mutumin da aka ƙara cikin maganar yana ƙara wa mai laifi kunyar amsa laifinsa. Saboda haka tambayarka ta farko ga mai kawo ƙara ita ce: "Ka same shi ku biyu?" In ya ce a'a, ka maida shi. Ka kuma roƙe shi ya hana 'ya'yansa samari zuwa gonar, ya hana yaɗa hoton ɓarnar a WhatsApp.

In magana ta dawo gare ka, ka saurari kowa a keɓe, a gidansa, a rana ɗaya. Karin Magana 18:17 ta yi gargaɗi cewa wanda ya fara kawo ƙara shi ke kama da mai gaskiya, sai ɗaya ya zo ya yi masa tambayoyi. Kada ka ce wa na farko "gaskiyarka" ko da wasa, domin zai fita ya ce dattijo ya riga ya ba shi gaskiya.

Daga nan sai gona. Gani ya kori ji. In ɓarnar dabbobi ce, a je a ranar ko washegari da safe, kafin ruwa ko iska su shafe sawu. A bi sawun a ga ta inda suka shiga, a duba ko gonar ta cinye burtali ko ta toshe hanyar mashaya, domin in haka ne laifin ya rabu biyu, kuma dole a faɗa ko da mai gonar ɗan ikilisiyarka ne. Sai a ƙirga kunyoyin da aka ci, a gaban su biyun. Misali, gona mai kunya 60 da ta saba ba da dami 30 na dawa, in an cinye kunya 10, ɓarnar dami 5 ce. Dawar da aka ci tana ƙarama takan sake tohowa, saboda haka a rubuta adadin kunyoyin, a ɗage ƙiyasi sai kaka. Wadda ta riga ta fitar da kai kuwa, a nan take ake yanke ƙiyasin ɓarnarta.

A nan ne masu sulhu da yawa ke ɓata aiki. Suna gaggawar cewa wanda aka cuta "ka yi haƙuri, ka yafe domin Almasihu", ba tare da an ambaci biya ba. Zai ce ya yafe don kunyar dattawa, abin kuma ya zauna masa a rai har baɗi. Fitowa 22:5 ta ce wanda dabbarsa ta ci gonar wani ya biya daga mafi kyawun amfanin tasa gonar, Zakka ma a Luka 19 da ya tuba sai ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu. A fara tabbatar da haƙƙi, a faɗi adadinsa. In mai haƙƙi ya ga dama ya rage ko ya yafe duka, to da bakinsa ya fito. A kuma yanke ko hatsi za a biya ko kuɗi. In kuɗi ne, a ambaci kasuwa da ranar da za a bi farashinta, domin kuɗin buhu a kaka daban yake da na tsakiyar damina, kuma wannan kaɗai ya isa ya ta da sabuwar rigima.

Rikicin iyaka yana bukatar tsofaffin da suka san gonakin tun zamanin iyaye, da masu gonakin da ke kewaye. In an daidaita, a kafa alama a ranar: a binne duwatsu a kusurwoyi, a dasa gamba ko cini-da-zugu a kan layin. Itace guda bai isa ba, ana iya sare shi.

Idan ɗaya ɓangaren Musulmi ne, ko makiyayi, kada ka kira zaman a majami'a, kada kuma ka zauna kai kaɗai a matsayin mai raba gardama. Ka je wa liman ko Arɗo da kanka, ka gaishe shi yadda ya dace, ka ce: "Malam, abu ya shiga tsakanin yaranmu, na zo mu kashe shi tare." A zauna a ƙofar mai unguwa ko dagaci, kowane ɓangare da mutum biyu ko uku. Romawa 12:18 cewa ta yi a zauna lafiya da kowa, ba ta ware 'yan'uwa masu bi kaɗai ba. A Kaduna, Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa, waɗanda a da suke gaba da juna, sun shafe shekaru suna sasanta al'ummomi tare, kuma zuwansu su biyu ne ke sa kowane ɓangare ya saki jiki.

A rubuta abin da aka yanke da Hausa: adadi, ranar biya, wurin biya da sunayen shaidu. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a ba kowane ɓangare kwafi, ɗaya kuma ya zauna wurin mai unguwa. Ranar biya ka halarta da kanka, bayan mako biyu kuma ka leƙa gidajen biyu, ka tambayi matan ko sun koma gaisawa a rijiya.

Akwai inda aikinka ya tsaya. In an zub da jini, ko an fito da makami, ko an sace mutum ko garke, magana ta koma hannun hakimi da jami'an tsaro. Kada ka shiga daji da sunan sulhu da 'yan bindiga. Abin da ya rage maka shi ne jinyar wanda aka raunata, ta'aziyya ga gidan da aka yi rashi ko na wane addini ne, da tsare samarin ikilisiya daga ɗaukar fansa a kan rugar da ba ta da hannu a ciki.