Ka gwada tarihin gidanku da zamanin sarakuna

Kafin ka kashe kuɗin mota zuwa gidan adana takardun tarihi na Kaduna, tambayi dattawan gidanku abu ɗaya: a zamanin wane sarki aka haifi kakan da kake neman tarihinsa?

Tsofaffi kan manta shekara, amma da wuya su manta sarki. Shekarun sarauta kuwa a rubuce suke. A Kano, Abbas ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, Abdullahi Bayero daga 1926 zuwa 1953. Sai ka kwatanta da takardar gado ta kotun alƙali ko ta gona.

Kowa ka tambaye shi shi kaɗai, kada ƙarami ya bi bakin babba.

Inda dabarar ke cijewa: takwarori. Jika kan ci sunan kakansa, don haka ka nemi laƙabi da sunan mahaifiya.