Yadda za ka gano abin da ke sa injin akori-kura misin kafin ka sayi komai

Akori-kurar da ke jigilar albasa da tumatur daga kasuwar Mile 12 a Legas, ko nama daga mayankar Oko-Oba a Agege, rabin yininta a cunkoso take yi injin na aiki a silo, ɗaya rabin kuma tana hawan gada da kaya niƙi-niƙi. A nan ne misin ke tona kansa. Kana tsaye sai sitiyari ya kama rawa a hannunka, ƙarar salansa tana tsinkewa, fut-fut, fut. Ko kuwa ka taka totur a hawa motar ta riƙa fizga, ƙarfi babu. Abin da ke faruwa a ciki shi ne wata silinda ba ta ƙona man da aka ba ta. Kowace silinda abu uku take bukata: wuta daga fulogi, fetur da iska daidai gwargwado, sai matsi. Da zarar ɗaya ya gaza, ta zama 'yar rakiya.

Yawancin masu mota daga nan sai Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, a kwaso fulogi huɗu, in bai yi ba a koma a kwaso koyil huɗu. Kuɗi ya tafi, misin na nan. Hanya mafi sauƙi ita ce ka fara sanin wace silinda ce, sannan ka bi kayanta ɗaya bayan ɗaya. Bayanin nan na injin fetur ne, irin Hilux mai lita 2.7 da silinda huɗu, wanda kowane fulogi ke da koyil nasa mai ba shi wuta a kansa. Mai dizal ba ya da fulogin wuta, nasa binciken daban ne.

Da farko ka lura da lokacin da take yi, tun kafin a ɗaga bonet. In sai an loda kaya ko a hawan gada take fizga amma a silo lafiya lau, zargi ya fi karkata ga wuta, don koyil mai rauni yakan iya aiki a silo ya kasa idan matsi ya ƙaru. In a silo take karkarwa, da ka taka totur ta daidaita, ka tuna da iskar da ke satar shiga ta wani tiyo da ya tsage. In abin ya fara ne bayan ka ratsa ruwa a damina, ko bayan yaran wankin mota sun feshe injin da ruwa mai ƙarfi, wataƙila ruwa ne ya kwanta a ramin fulogi. In kuwa kilomita kaɗan bayan shan mai ya soma, mai ne abin tuhuma. Masu mota a Legas ba su manta da fetur mai yawan methanol da ya shigo a farkon 2022 ba. Ka kuma dubi wutar cek-injin. In ta kama ta tsaya, kana iya lallaɓawa zuwa gareji. In tana ƙiftawa, rage gudu ka nemi wurin tsayawa, domin ɗanyen fetur ne ke zuba cikin salansa yana ƙonewa a katalis, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, kuma kuɗin katalis ya ninka na koyil nesa ba kusa ba.

Mataki na biyu, a sa mata na'urar karanta kwamfutar mota. Soket ɗinta mai ramuka 16 yana ƙarƙashin sitiyari. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 tana da shi, Hilux ɗin zamani ma haka. Lambar P0301 na nufin silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, har zuwa P0304. P0300 kuwa misin ne mai yawo, bai tsaya wuri guda ba. Ka rubuta lambar a takarda kafin a goge. Kada ka yarda yaron gareji ya cire kan batir wai don wutar ta mutu, don shaidar ce yake sharewa. A injin akori-kura mai silinda huɗu a jere, ta ɗaya ita ce ta gaba kusa da lagireto.

In babu na'ura kusa, akwai dabarar da makanikai suka daɗe suna yi. Ja birkin hannu, bar injin a silo, ka zare soket ɗin nozul (mai fesa fetur) na silinda ta ɗaya na daƙiƙa kaɗan. In injin ya ƙara durƙushewa kamar zai mutu, wannan silindar tana aiki, mayar da soket ka wuce ta gaba. Wadda ka zare nata amma sautin injin bai sauya ko kaɗan ba, ita ce matacciyar. Na fi son a zare na nozul maimakon na koyil, saboda in wuta ka yanke, mai zai ci gaba da zuba bai ƙone ba. Ka naɗe hannun riga, babbar riga kam a tuɓe ta, fanka da bel ba sa tausayi.

To yanzu ga aikin da ya fi kowanne amfani, kuma sisi ba ya ci. A ce silinda ta biyu ce. Kashe injin, kwance ƙaramin noti mai lamba 10 da ke riƙe da koyil ɗinta, zaro shi, ka musanya shi da na silinda ta huɗu. Goge lambar, tayar da mota, zagaya da ita. In lambar ta koma P0304, ciwon ya bi koyil, shi kaɗai za ka saya. In ta tsaya a P0302, koyil ya kuɓuta. Sai ka musanya fulogin ta biyu da na ta uku, ka sake gwadawa. Abu ɗaya ake motsawa a kowane gwaji. In ka haɗa koyil da fulogi ka kai su silinda guda, ko misin ya bi su ba za ka san wanne ne mai laifi ba. Makaniki na iya ce maka, "Alhaji, gara a canza su duka a huta." Ka ce masa, "Oga, a fara juya su tukuna mu gani." Minti goma ne.

Tun da koyil na hannunka, juya shi a haske. Dubi robar da ke sauka kan fulogi: tsaga, ko wani siririn layi mai launin toka da ya gangara kamar an ja shi da fensir, alama ce wuta na tsallakewa gefe. Haska ramin da tocila. In ka ga ruwa, busar da shi da iska. In baƙin mai ne ya taru, robar murfin saman inji ce ke yoyo, kuma sabon koyil ma haka zai lalace in ba a canza ta ba.

Fulogi kuwa sai injin ya huce ake kwance shi, don kan injin na alminiyam ne, zarensa na saurin ci. Hure ƙurar ramin tukuna kada ta faɗa ciki. Jera su huɗu a kan kwali bisa tsarin silinda, ka kwatanta bakinsu. Lafiyayye ruwan ƙasa-ƙasa ne, a bushe. Baƙi mai kunkunniya a bushe, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Jiƙaƙƙe mai warin fetur, bai kama wuta ba sam. Baƙi mai maiƙo da danƙo, baƙin mai ne ke haurowa ta ringi ko robar bawul. Fari fat kamar ya ƙone, mai ne ya yi kaɗan. Wanda ya fi ban tsoro shi ne wanda ya fita tas, ya fi 'yan'uwansa tsabta kamar sabo, domin sau da yawa tururin ruwan lagireto ne ke wanke shi. Wurin mayarwa, fara ɗaura shi da yatsu har ya zauna kafin sifana ta taɓa shi. Ka sayi lambar da littafin motar ya ce, a wurin wanda ka amince da shi, don jabun fulogi a kwali mai kyau ya cika kasuwa. Waɗanda suka mayar da motarsu ta iskar gas bayan cire tallafin mai a 2023 su ƙara kula: gas ya fi fetur bukatar wuta mai ƙarfi, shi ya sa mota kan yi misin a gas ta daina in an juya ta fetur.

In koyil da fulogi duk sun wanke kansu, saura nozul. Ɗora bakin dogon sukudireba a jikinsa, ka kanga kunne a ƙotar. Mai aiki za ka ji shi yana tik-tik-tik ba fashi. Wanda ya yi shiru, ko ya mutu ko wuta ba ta zuwa masa, sai riwaya ya auna waya da soket. Amma yana iya yin ƙarar alhali a toshe yake, don haka shi ma musanya shi ake yi, da sababbin robobin bakinsa, nesa da wuta ko sigari.

Idan P0300 ce ta fito, musamman tare da P0171 mai nuna iska ta yi wa fetur yawa, daina bin silinda ɗaya-ɗaya. Abin da suka yi tarayya a kai za ka duba: tiyon iska tsakanin filta da inji, ƙananan tiyoyin da ke tsotsa, na'urar auna iska da ƙura ta rufe, filtar mai, da ƙarfin famfon mai. Zuƙo ɗan fetur daga layin mai cikin kwalba mai haske ka ajiye minti kaɗan. In akwai ruwa zai kwanta a ƙasa, ka ga layin da ya raba su.

Na ƙarshe shi ne gwajin matsi, wanda ake yi idan an juya komai amma misin ya ƙi barin silindarsa. Ana ɗumama injin, a cire fulogi duka, a yanke mai da wuta, a ɗaura agogon awo a rami, a take totur har ƙasa a buga sitata. Bai kamata wata silinda ta gaza sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Wadda ta gaza, a zuba mata baƙin mai kamar ƙaramin cokali a sake aunawa. In allurar ta tashi sosai, ringi ne suka cinye. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare, ga ruwan lagireto na raguwa, ga farin hayaƙi da safe, wannan gasket ne, kuma sai an sauke kan injin. Kada ka bari a kai ga wannan magana ba tare da an nuna maka adadin da agogon ya ba kowace silinda ba.

Bayan gyara, a goge lambar, amma kada a yi gwajin a tsaye cikin gareji. Loda mata kayanta na kullum, bari ta yi zafi, ka hau gada da ita a babbar giya kana taka totur a hankali, sannan ka dawo a sake sa na'urar a ga ko wata lamba ta sake fitowa.