Yadda za a haɗa wa yara ɗan littafin hotuna kan rayuwar Abubakar Imam

A tanadi farar takarda A4 guda huɗu, kwali mai laushi don bango, fensir, fensiran kala, allura da zare mai ƙwari.

Da farko a jera takardun a ninke su biyu tare, za su ba da shafi 16. A sa wa kowane shafi lamba da fensir tun kafin a ware su. Nan ake yawan yin kuskure: shafi na 2 da na 15 a fuskar takarda ɗaya suke, wanda ya yi zane bai lura ba zai tarar labarinsa ya hargitse bayan ɗinki.

Sai a raba labarin. Haihuwarsa a Kagara a 1911, karatunsa a Kwalejin Katsina, zamansa editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya daga 1939, rasuwarsa a 1981. Kada rubutu ya wuce jimla biyu a shafi, sauran fili na hoto ne. Tunda mutumin masoyin kalmomi ne, a zaɓi kalma ɗaya mai daɗin faɗa a kowane shafi a rubuta ta ɓaro-ɓaro, yaro ya maimaita da bakinsa.

A guji alƙalamin maka (marker), tawadarsa na ratsa takarda ta ɓata bayan shafi.

In an gama, a ɗora bango, a huda wuri uku a kan ninkin, a soma ɗinki daga hudar tsakiya, a dawo nan a ƙulla.