Kurakuran da ɗaliban mekatironiks suka fi yi daga lebul wan zuwa ranar kare furojet

Duk shekara za ka ga yaro ya cike JAMB ya zaɓi mekatironiks, wato injiniyancin da ya haɗa makanikanci da lantarki da kwamfuta, saboda ya ga bidiyon mutum-mutumi yana tsalle a waya. Ya samu gurbi, ya shigo da zumuɗi, sai a miƙo masa jadawalin lebul wan: lissafi, fiziks, kemistiri, Turanci da ɗan darasin kwamfuta. Babu ko ƙeyar mutum-mutumi. A lebul tu kuma a cakuɗa shi da 'yan sibil da 'yan lantarki a babban ɗakin lakca, ana koya musu zanen injiniya, da juriyar ƙarafa, da ilimin zafi da gudun ruwa. A nan gwiwa take fara sanyi, har ɗalibi ya ɗauki shekaru biyun farko a matsayin zaman jiran ainihin karatu.

Wannan zaman jira shi ne kuskuren da ya fi tsada. Digirin shekara biyar ne, ko a Jami'ar Bayero ta Kano kake, ko ABU Zariya, ko FUT Minna, ko ATBU Bauchi, kuma maki tarawa ake yi. A ce ka gama shekara biyu da yunit 80 a kan maki 2.5, kuma jimillar yunit ɗinka za ta kai 180. Kafin ka fita da 3.5 sai ka riƙe 4.3 a duk sauran yunit 100 ɗin, a daidai lokacin da kwasa-kwasai suka fi zafi. Ga kuma kari-oba: wasu kwasa-kwasan ba za a bar ka ka yi musu rajista ba sai ka ci na ƙasansu, ta haka faɗuwa ɗaya a lissafin lebul tu take iya jawo ƙarin shekara. Gyaran ba shi da wani sirri. Karɓi littafin jagoran sashenku tun makon farko, ka zana a takarda wane kwas ne yake buɗe wa wane ƙofa. Kada ka dogara kacokan da tsoffin handawut na 'yan gaba da kai, domin a ƙarshen 2022 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da sabuwar manhaja mai suna CCMAS, inda hukumar ta tsara kashi 70 na darussan ta bar wa kowace jami'a kashi 30, kuma sunaye da lambobin kwasa-kwasai da dama sun sauya.

Ita kanta kalmar mekatironiks, wani injiniya ne a kamfanin Yaskawa na Japan ya ƙirƙiro ta a 1969, ya haɗa makanikanci da ilektironiks. Daga baya ilimin sarrafa na'ura da kwamfuta suka shigo. Malamai huɗu ne za su koya maka waɗannan fannoni huɗu a ɗakuna huɗu, amma fannonin a jikin na'ura guda suke zaune. Ɗalibin da yake haddace kowanne don ya ci jarrabawa ya manta, a lebul fo zai gane kurensa.

Ɗauki injin ƙyanƙyasar ƙwai, wanda kusan kowane zango sai wani ya ɗauke shi a furojet. Ƙwan kaza yana son zafi wajen digiri 37.5 na tsawon kwana 21. Mai sabon hannu zai rubuta kod, wato umarnin da ake ba kwamfuta, cewa idan zafi ya yi ƙasa a kunna hita, idan ya kai a kashe. Sai ya ga ma'auni ya wuce 39 bayan an kashe hitar, ya ce sensa, wato na'urar da ke auna zafin, ita ce ta lalace, ya koma kasuwa ya sayo wata. Sensa lafiyarta ƙalau. Ƙarfen hitar ne ya riƙe zafi yana ci gaba da sakinsa, kamar yadda tukunyar ƙasa take ci gaba da tafasa bayan an janye itace. Wannan jinkirin shi ne abin da lissafin difarenshiyal na lebul tu yake bayyanawa, shi ne kuma abin da ake warwarewa da dabarar lissafin Laplace ɗin da aka haddace aka zubar a ƙofar ɗakin jarrabawa. Da ya kunna hitar ya riƙa rubuta zafin akwatin kowane minti ɗaya, ya zana giraf, da ya fitar da lokacin da akwatin yake ɗauka kafin ya amsa, daga nan ya saita PID, dabarar lissafin da ke daidaita ƙarfin hitar, da hujja maimakon canki-canka. Shawarata a nan ita ce duk sabon lissafin da aka kawo, ka tambayi malam wace na'ura ce take yin haka. In bai faɗa ba, ka buɗe manhajar lissafi ta kwamfuta irin Octave ko Scilab, kyauta suke, ka zana amsar ka gani da idonka.

Sai masu ganin Arduino, ɗan allon lantarkin da ake rubuta wa kod don ya sarrafa na'ura, ita ce mekatironiks gaba ɗaya. Ba na raina ta, da ita yawancinmu muka fara. Matsalar ita ce kwafo kod daga intanet ba tare da an san abin da ke faruwa a cikin waya ba. Ni kaina a lebul tiri na jona ƙaramin moto kai tsaye a ƙafar Arduino Uno da na ara wajen wani aboki. Ya ɗan motsa, ya tsaya, sai wani ƙauri ya taso, na taɓa cif ɗin na ji shi kamar garwashi. Kuɗin abincin sati biyu ne ya tafi wajen biyan ta. Da na buɗe takardar bayanan cif ɗin, ATmega328P, da na ga ƙafa ɗaya miliamfiya 20 aka so ta bayar, 40 ne iyakarta, alhali moton yana jan ɗaruruwa. Moto yana bukatar direba ko tiransisto, wato abin da zai shiga tsakaninsa da allon Arduino ya ɗauki nauyin wutar, da dayod da zai shanye wutar da take dawowa idan an yanke masa lantarki, da wutarsa daban wadda aka haɗa giraund ɗinta, wato wayar negatif, da na allon. Haka kuma ESP32, wani allo makamancin Arduino, bolt 3.3 take aiki da shi, kar ka ɗura mata 5 a ƙafa. Sayi mitar auna lantarki tun kafin ka sayi sensa ta biyu, ka kuma saba karanta takardar bayanan kowane abu, ko da shafi biyun farko ne.

Ɓangaren ƙarfe kuwa shi ne maraya. Da yawa suna ganin walda da injin sassaƙar ƙarfe aikin 'yan makanikal ne, a lokacin SWEP, horon aikin hannu da ake yi a makaranta, sai su rakuɓe a inuwa a sa sunansu a rahoto. To ga faifan ƙwai ɗari, kowanne wajen giram 60, kilo shida ke nan ban da nauyin faifan, ana so a riƙa karkata shi sau da yawa a rana. Sai ka ga ɗalibi ya maƙala masa ɗan ƙaramin moton sabo (servo) SG90 mai haƙoran roba, wanda ƙarfin murɗawarsa bai kai kilo biyu a santimita ɗaya ba. Kwana ɗaya haƙoran sun zube. Lissafin layi uku ne zai hana wannan: nauyi, nisa daga shaf, wato sandar da ke juyawa, sai a ninka don kariya. Sau da yawa ma maganin yana Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, tsohon moton waifar mota mai bolt 12, da giyarsa a ciki, a ɗora faifan a kan boris biyu.

Kan batun SIWES, wato zuwa koyon aiki a masana'anta, zan ɗan yi faɗa. Wata shida ake bayarwa a lebul fo ƙarƙashin kulawar ITF, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, kuma shi ne lokaci mafi tsawo da manhaja take tura ka inda ake aikin da gaske. Amma sai ɗalibi ya nemi ofis kusa da gida inda kawunsa yake, ya wuni yana latsa waya, a buga masa hatimi a littafi. A masana'anta ba za ka tarar da Arduino a cikin fanel ba. PLC za ka gani, wato kwamfutar da ke sarrafa injinan masana'anta, na Siemens ko Mitsubishi ko Schneider, da wutar bolt 24, da kod mai siffar tsani, da sensa masu aiko saƙo tsakanin miliamfiya 4 zuwa 20. An faro daga 4 ne don idan aka ga sifili a san waya ce ta tsinke. Irin wannan a bakin fanel ake jin sa. Fara yawo da wasiƙarka tun zangon farko: Sharaɗa, Bompai da Chalawa a Kano, Kakuri a Kaduna, masana'antun siminti na Kalambaina a Sakkwato ko Obajana a Kogi. In ba ka samu ba, wajen masu gyaran janareto mai canza layi da kansa ko masu haɗa famfon sola ya fi ofis mai sanyi. Idan ka je kuma ka ajiye girman kan jami'a. Ka gaida ogan da ke riƙe da sifana, ka ɗaukar masa akwatin kayan aiki, shi ne zai nuna maka dalilin da kwantakta, makunnin manyan injina, take ƙara.

Aikin rukuni a ɗakin gwaji ma haka, mutum ɗaya ya jona waya, tara su rubuta suna. Ku riƙa karɓa-karɓa kawai.

Furojet na lebul faif yana faɗuwa ne tun ranar zaɓen take. Wani zai ce zai ƙera jirgi marar matuƙi mai feshin gona kuma mai gane cutar ganye, a wata bakwai, da kuɗin aljihunsa. Ɗauki abu ɗaya ƙarami wanda ya taɓo ƙarfe da lantarki da sarrafawa da kod, ka gama shi, ka auna shi. Alƙalai sun fi girmama giraf ɗin zafin akwati na awa 48 a kan na'ura mai ƙyalƙyali da aka sayo haɗaɗɗiya, kuma tambaya biyu ta ishe su gane wanda ba shi ya haɗa ba. Kayan da za a yi oda daga Chana a yi tun zangon farko, a sayi biyu-biyu na duk abin da zai iya ƙonewa. Ranar karewa ka zo da batir mai caji, domin ana iya ɗauke wuta kana tsaka da bayani, ka kuma ajiye bidiyon na'urar tana aiki a waya da filash. Wayoyin da ke kan allon gwaji a mayar da su kan allon da ake yi wa dalma a liƙe su tun kafin ranar, don jijjigar adaidaita sahu daga hostal zuwa sashe ta isa ta zare guda ɗaya.