Kurakuran da ma'aikacin inshora ke yi idan aiki ya fi ƙarfin hannu

A manyan kamfanonin inshora na Najeriya akwai lokacin da aiki ke kumbura. Tsakanin Disamba da Janairu ake sabunta inshorar kamfanoni da yawa, dillalai na ta bugo waya, kuma tun da NAICOM, hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, ta tsananta ƙa'idar "ba biya, ba kariya" (inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta) a 2013, kowa so yake takardarsa ta fito kafin tsohuwar ta ƙare. Ana cikin haka wani ya koma banki, wata ta tafi Ingila, ba a kawo kowa a gurbinsu ba. Aikin mutum uku ya dawo kan tebur ɗaya.

Kuskuren da ya fi kowanne cin mutane shi ne ka toshe wannan giɓi da lafiyarka. Ka zauna har tara na dare, ka tafi da kwamfuta gida, ranar Asabar ma ka leƙo ofis. Niyyarka mai kyau ce, amma ka duba abin da ke isa hedikwata: rahoto ne mai cewa reshe ya kammala aikinsa a kan lokaci. Wa zai sa hannu a ɗauki sabon ma'aikaci a reshen da lissafinsa ya fita tas? Da ƙoƙarinka ka ɓoye matsalar daga idon masu ikon magance ta.

Gyaran sai da biro da takarda. Ka yi mako biyu kana rubuta fayil nawa suka shigo, nawa ka rufe cikin lokacin aiki, nawa ke jiran rahoton 'yan sanda ko na mai kimanta ɓarna, ƙarfe nawa ka tashi. Sannan ka shiga wurin oga da takardar a hannu. Kada ka fara da "na gaji", domin amsar da za ka samu ita ce kowa ma ya gaji. Ka ce masa: "Ranka ya daɗe, ga abin da ya shigo, ga abin da mutum ɗaya zai iya fitarwa bisa ƙa'ida. Wanne za a fara, wanne zai jira?" In kun gama, ka tura masa gajeren saƙon imel na abin da kuka tsayar. Wannan ba rashin kunya ba ne. Zaɓen abin da zai jira aikinsa ne, kai dai ka miƙa masa abinsa.

Akwai masu shiru saboda an ce musu su gode Allah da suka sami aikin. Gaskiya ne aiki ya yi wuya a ƙasar nan, godiya kuma wajibi ce. Amma godiya ba ta hana ka faɗi gaskiyar abin da ke kan teburinka ba.

Wani kuskuren shi ne gaggawa a kan fayil ɗin diyya don tulin ya ragu. A tsallake duba lambar inji, a sa hannu ba a tabbatar an biya kuɗin inshorar ba. Ranar da masu bincike suka zo, ba wanda zai tuna ku biyu ne kawai a sashen. Sunanka ne a kan takardar, kai za a ba takardar tuhuma. Ba kuma duk fayil ne ɗaya ba. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai ta aƙalla ninki uku na albashin shekara, saboda haka cikin tulin nan akwai na matar da ke takaba, yara an koro su daga makaranta, tana jiran wannan kuɗi. Nata ya kamata ya hau sama, ko da mai motar da aka goge wa fenti ya fi ta yawan kira. Ka ware fayiloli da safe kafin ka buɗe waya, in ba haka ba mai ƙarar murya ne zai tsara maka yininka.

Waya ma ta zama ofis na biyu. In ka amsa saƙon WhatsApp na dillali ƙarfe sha ɗaya na dare sau ɗaya, ka koya masa cewa lokacin aiki ne. Ka faɗa wa kwastomomi lokacin da ake samunka, ku kuma raba kiran gaggawa tsakaninku a sashe, yau wannan gobe wancan.

Hutun shekara kuwa, kada ka yarda da "bari aiki ya lafa". Ba ya lafawa. Dokar ƙwadago ta ba wanda ta shafa aƙalla kwana 6 na aiki bayan wata 12, takardar ɗaukarka aiki ta kan ba ka fiye da haka. Ka nemi ranakun a rubuce tun farkon shekara, ka kauce wa Disamba da Janairu, ka bar bayanin inda kowane fayil ya tsaya.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yadda ake ɗaukar alamun jiki da wasa. Ciwon kai kullum, barci ba ya zuwa, ka ga sunan kwastoma a waya gabanka ya faɗi, ka shiga gida ka hau yara da faɗa ba gaira ba dalili. Sai a ce maleriya ce ko taifot, a sayi magani a kemis, a kora da lemon ƙara kuzari, wasu har su kai ga Tramadol. Jiki magayi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiyar aiki, da ake kira "burnout" a Turance, a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, da alamu uku: ƙarewar ƙarfi, jin aikin ya fita daga ranka, da raguwar ingancin abin da kake yi. A 2021 ita da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da binciken da ya nuna masu aikin awa 55 ko fiye a mako sun fi masu awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari. Ka lissafa awanninka na makon jiya. Ka je asibiti a auna jininka, ka faɗa wa likita yadda kake aiki, a rubuta a katinka. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke gudanarwa, ta ambaci matsin ƙwaƙwalwa da aiki ya jawo, amma da sharuɗɗa, kuma shaidar likita na cikin abin da ake dubawa.

Kada kuma ka kai kuka kai kaɗai in matsalar ta sashe ce gaba ɗaya. Ku haɗa lissafinku ku kai tare. In kamfaninku na da reshen ƙungiya, ASSBIFI ta manyan ma'aikatan banki da inshora ce, NUBIFIE ta ƙanana. Idan an kai lissafi, an yi magana, watanni sun wuce ba abin da ya motsa, ka fara neman wani wurin tun kana kan albashi. Ka duba wa'adin sanarwa da ke cikin takardar ɗaukarka, ka karɓi takardar sabon wurin a hannu, sannan ka rubuta ta ajiye aiki.