Darasi na 6: Shuka tafarnuwa da albasa kafin sanyi ya kankama

To jama'a, tafarnuwa da albasa sanyi suke so. Manoman Aliero a Kebbi da na Galmi a Nijar ba sa wasa da lokaci, da kaka ta shigo an kwashe gero suke fara shiri. Wanda ya yi lattin shuka zafin Maris zai tarar da ita ba ta gama yin kai ba, sai ya samu ƴan mitsi-mitsi.

Tafarnuwa ba ta buƙatar reno. Tsakanin Oktoba da Nuwamba za ka ɓare kan ƙwaya-ƙwaya, kar ka cire ɓawon jikinta, kuma don Allah ka zaɓi manyan, ƴan ƙananan nan na tsakiya a kai su kicin a yi miya, don ƙaramar ƙwaya ƙaramin kai take bayarwa. Tsinin ya kalli sama, gindin ƙasa, zurfi kamar gaɓar yatsa ɗaya, tazara santimita 10 wato faɗin tafin hannu.

Ita albasa sai an yi reno tukun. Ka yafa iri a fangali, bayan sati 6 zuwa 7 in ta kai kaurin fensir sai dashe, da yamma ya fi. Takin gargajiya ya zama wanda ya ruɓe sosai, ɗanye ƙona saiwa yake.

Yanzu maganar kariya. A Turai ƙanƙara suke gudu shi ya sa suke lulluɓe gona da ciyawa. Mu nan iskar hunturu ce matsalar, tana busar da ƙasa nan da nan, ga saiwar albasa da tafarnuwa ba ta nisa, a sama-sama take. Saboda haka ka shimfiɗa busasshen karan shinkafa a kan fangalin tafarnuwa, yana riƙe laima yana hana ciyawa fitowa. Gefen da iska ke bugowa, wato arewa maso gabas, a kafa shingen kara ko zana, ya tare iska ya tare awaki. Ban ruwa kaɗan-kaɗan amma a kai a kai, in ruwa ya kwanta gindi ruɓewa zai yi. Ciyawa kuma da hannu ake cire ta, fartanya na iya sarar kai.

In sanyi ya fara ja baya ka dinga buɗa tsakanin lawashi, akwai wasu ƙananan ƙwari da ke tsotse shi har ya yi fari-fari, ruwan ƴaƴan darbejiya na rage su in an fesa da wuri. In wuyan albasa ya fara kwanciya, tsayar da ruwa kamar sati 2 kafin cira, in ba haka ba ba za ta yi ajiya ba.

Aikin gida: rubuta watan da ake shuka tafarnuwa. Wane gefen ƙwaya ne ke kallon sama? Auna fangalinka ka lissafa ƙwaya nawa layi ɗaya zai ci.