Yadda Mai Digiri Zai Koyi Jagorancin Kare Muhalli a Aikace

Ɗalibin da ya kammala digirin farko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, kuma yake da burin jagorantar aikin kare muhalli, ya kamata kafin ya nemi gurbin digiri na biyu ya binciki yawan lokacin da kwas ɗin ya ware wa fita aiki cikin jama'a. Ya tambayi waɗanda suka riga shi ko ana tura ɗalibai ƙauyuka da ma'aikatu, ko kuwa a aji ake farawa kuma a aji ake ƙarewa.

Idan ya samu gurbi, sai ya ɗauki matsala ɗaya a wuri ɗaya. Katsina tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da ke cikin shirin kafa shingen itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 domin tare kwararowar hamada, saboda haka ƙauyukan Zango, Ɓaure da Mai'aduwa a ƙasar Daura sun ishe shi makaranta. Wanda ya fi karkata ga harkar ruwa sai ya nufi masu noman rani a madatsun Sabke, Zoɓe ko Jibiya, bayan ya tabbatar da yanayin tsaro.

Kada ya shiga gari da takardar tambayoyi a hannu. Ya fara da gaisuwa wurin dagaci da mai unguwa, ya bayyana abin da ke tafe da shi, sannan ya nemi zama da manoma, da makiyaya, da mata masu girki da itace, domin dashen da aka yi a kan burtali ba tare da shawarar makiyaya ba rigima yake haifarwa. A ganina wannan shi ne darasi mafi wuya, kuma shi ne ainihin jagoranci.

Batun ƙidaya ma yana buƙatar kula. Yawan itatuwan da aka dasa da damina ba shi ne nasara ba, sai dai yawan waɗanda suka rayu bayan rani, lokacin da zafi da awaki suka gama da masu rauni. Ya buɗe littafi, ya rubuta kowane dashe da wanda ya ɗauki nauyin ba shi ruwa, ya koma a watan Afrilu ya sake ƙirgawa. Ya kuma duba dabarar da manoman Maraɗi suka rungume tun shekarun 1980, wato barin tohon kututture a gona ana rage masa rassa har ya zama itace, musamman gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma ƙara wa ƙasa taki.

Bayan ya miƙa rahotonsa ga jami'a, ya koma garin ya karanta wa mutane sakamakon da Hausa a gaban dagaci, ya kuma bar aikin a hannun kwamitin da su da kansu suka zaɓa.